Kube a Ƙarƙashin Jallabiya

Yayana ɗan sandan farin kaya ne a Kano. Ya ce in zaɓo masa kuben ƙaramar bindiga, wanda riga za ta ɓoye. Na sayi na ƙugu, na ɗaura ƙarƙashin jallabiyata, na zura wayata ciki don gwaji. Na ratsa lungunan kasuwar Naif, a nan ƙasar waje da nake zaune, a hankali, ina jin kaina jami'in sirri.

A shagon wani Alhaji mai kago, wato mai aika wa fatake kayansu gida, cikin mata 'yan kasuwa, wayar ta yi ƙara. Jallabiyar ba ta da tsaga. Cikin zafin nama na tattare ta har ƙirji, ga gajeren wando.

"Subhanallahi! Malam, saki rigarka!" in ji wata Hajiya.

Har yau in wayata ta yi ƙara, Alhaji kan ce, "Hajiyoyi, ku juya baya, Oga zai zaro."