Salular da Ta Yini Gindin Bedi

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da ruwa ya tafi da gadar koramarmu ba, don a shekarar ce wani akwati ya tona mini asiri gaban malamina.

Bayan damina sai ga mutanen wani foroje, wato shirin gyaran hanya, sun kafa ƙananan akwatuna bisa sanduna a hanyar Buza zuwa Keita: ɗaya a mafitar Buza, ɗaya a wani ƙauye na tsakiya, ɗaya a mashigar Keita. Suka ce duk salular da bulutus ɗinta ke kunne, akwati zai ji wucewarta, na gaba ma ya ji, da haka ake gane tsawon lokacin da tafiya ke ci, a san inda ya fi buƙatar gyara. Tawa kuwa kullum a kunne take, saboda wa'azin da abokai ke tura mini.

Duk Laraba nakan hau moto, wato babur, daga Buza in tafi Keita ɗaukar karatu wurin Malam Alhassan, dattijon da ya koya mini ajami tun ina yaro. Da hantsi nake fita, amma sai bayan la'asar nake isa. In ya tambaya, in ce, "Hanya ce, Allah gafarta Malam." Shi kuma ya ɗaga hannu ya yi wa hanya addu'ar gyaruwa. (Gaskiyar magana, a ƙauyen tsakiya akwai inuwar itacen bedi, wato dogon yaro, akwai ramukan dara, akwai kuma abokina Sama'ila da ba ya barin mutum ya wuce.)

Ranar da aka tara dattawa a wani zaure a Keita don jin sakamako, wata injiniyar forojen ta ce tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Malam, da ke zaune a gaba, ya juyo gare ni. "Tashi ka gaya musu, ɗana. Kai ka san wahalar wagga hanya."

Da mai hankali ne, da ya yi tari ya yi shiru. Ni kuwa na miƙe, na gyara rawani, na ce, "Madam, akwatinku bai san hanya ba. Ni da ke binta duk Laraba, yini guda take ci mini."

Ta duba takardunta, fuskarta ta washe. "Laraba? To madalla, Malam, ka warware mana damuwa. Akwai salula guda da ke fita Buza da hantsi, sai akwatin tsakiya, na gindin bedi, ya yi ta jin ta har la'asar ba ta gusa ba. Mun ɗauka lalacewa ya yi, har mun sake wani. Akwatin dai bai san sunan kowa ba."

Akwati bai san suna ba, amma duk wanda ke zauren ya san abin da ake yi gindin bedin nan. Wani tsoho daga baya ya ce, "Ashe ramukan da ke tsai da almajirin Malam ba na hanya ba ne." Zaure ya ɗauki dariya, ni ko ina tsaye, na rasa yadda ake zama.

Malam bai yi dariya ba. Sai da muka fito ya ce a hankali, "Wa ke cin wasan?"

"Sama'ila, Allah gafarta Malam."

"Ba karatu, ba dara ke nan."

Larabar da ta biyo, tun hantsi bai yi zafi ba na yi sallama a zaurensa. Ya buɗe littafi daga babin da na fara tsallakewa, ya riƙe ni har magariba, salla kawai ke tashe mu. Da na kai ƙarshe ya rufe, ya ce, "Yanzu ba na bin ka komi. Hanya ce za ka nemi gafararta."

Na koma gida ina jinjina abin: tun ina yaro na san mala'iku biyu na rubuta duk motsina ban ji kunya ba, sai da akwati bisa sanda ya fara.