Ranar da Tsibin Robarmu Ya Bi Tankar Ruwa

Ba za ni taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya bisa durom ɗin ruwa ina zuba jawabi, dukiyar ƙungiyarmu kuwa tana watsewa a bayana kamar garken tumakin da kura ta faɗa wa. Har yau in na ji hon ɗin babbar mota daga nesa, sai in fara tunanin ko akwai abin da na aro ban mayar ba.

Shekara ta biyu ke nan a jere da damina ta yi mana rowa a Sabon Birni. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya dubi sama, ya ga ba labari, ya koma ya kwanta. Rijiyoyi suka janye, sai ka zura guga ya yi tafiyar yini ya dawo maka da yashi. Abu ɗaya ne ya yi albarka a shekarar nan, shi ne leda. Ledar fiya wata, baƙar leda, fasassun bokitai, tsofaffin silifa, duk suka yi yabanya ba taki ba ruwa. Awaki don yunwa suka koma cinta. Wani mahauci ya taɓa nuna min abin da ya ciro daga tumbin akuya guda, na ce masa ya wanke ya buɗe kanti.

Mu da noma ya juya wa baya sai muka kafa ƙungiyar masu tsintar roba, aka naɗa ni shugaba (ba don na fi kowa hankali ba, don na fi kowa baki). Muna tarawa, mai mota ya kwasa ya kai Kano. To amma roba in ba a markaɗa ta ba, iska kake lodawa. Mota ta cika har tana taɓo wayar lantarki, a hau sikeli a ga jaki ma ya fi ta kaya, kuɗin mota ya cinye ribar. Maganin abin shi ne injin markaɗa roba da rumfar da zai zauna. In babu shi, rabin mazan unguwarmu sun riga sun ɗaure jaka za su tafi ci-rani kudu, har da ni, mai gwiwar da ke kuka in na tashi daga tabarma.

Ana haka sai muka ji wata hukuma a Sakkwato tana ba ƙungiyoyi irin tamu rancen injin, a riƙa biya sannu a hankali daga abin da aka markaɗa. Sharaɗinsu ɗaya ne: sai sun gani da idonsu kuna da robar da za ta ciyar da injin, kada a kawo shi ya zauna da yunwa kamar masu shi. Ni aka tura. Da suka tambaye ni yawan kayanmu, abin da ya kamata in ce shi ne, muna dai ƙoƙari. Amma bakina bai taɓa shawara da ni ba. Na ce musu in ka hau tsibin robarmu kana hango garin Isa, in gari ya yi haske har Maraɗi. Suka ce madalla, za su zo su hau.

Gaskiyar magana, tsibin da ke filin ƙungiya akuya na tsallake shi ba tare da ta ɗaga wutsiya ba. Filin ba shinge, iska ta kwashi rabi, awaki su ci rabi, don haka ba mai son ajiye wahalarsa a nan. Na tara mutanena na ce, wa ke da kaya a gida ya fito da su? Kowa ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da tsinke. Ni ma na sunkuyar da nawa, don ina da dalili.

Rumbun gidana cike yake har wuya, amma ba da gero ba. Tun kaka nake shigo da roba cikin buhunan hatsi, in ɗaure bakin da kyau, in wuce maƙwabta ina nishi kamar mai ɗauke da dawa, su ce sannu da arziki, in ce Allah ne. A wajenmu rumbu asirin mai gida ne. Matarka ma ba ta leƙa shi, balle baƙo. Namiji ya hau rumbunsa da rana tsaka ya fara fito da tsofaffin silifa, ai ya yi wa gari shela ke nan cewa gidansa ba ƙwaya. Na gwammace in mutu da asirina.

Sai dabara ta zo min, irin wadda ke zuwa wa mutum in Allah zai kunyata shi. Na kira mataimakina Nomau, abokina tun muna kiwon awaki.

"Nomau, da asuba mata ke tahiya gulbi su ɗebo ruwa su juye randa. Daga nan jarkokin ga mi suke yi?"

"Zama suke."

"To su zo su zauna wurinmu."

Ya ce, "Shugaba, wanga abu ba ya ƙarewa lahiya."

"Kai dai kawo amalanke."

Ranar da baƙi za su zo muka bi gida gida muna aro. Jarkoki, bokitai, robobin wanki, butocin masallacin unguwa, har da shuɗin durom na surukata Inna Tumba. Na ce wa kowa hoto kawai za a ɗauka, kafin azahar kaya na hannun masu su, tunda baƙin sun ce da hantsi za su iso. Muka jibga kayan aro a ƙasa, muka lulluɓe su da ainihin sharar da muke da ita. Jama'a, tsibi ya tashi. Ni da na san abin da ke ciki ma sai da na ji ina alfahari da shi.

Hantsi ya yi ya wuce. Sai da rana ta take tsaka motarsu ta tsaya. Shugabar tawagar wata Bayarabiya ce haihuwar Sakkwato, Hajiya Sikira, Hausa a bakinta ta fi tawa gishiri. Tana ganin tsagen fuskata ta tafa hannu.

"Ashe wurin bayina anka turo ni."

Tsakanin Bagobiri da Bayarabe wasa ne tun kakanni, don haka ban bari ta sha ba. Na ce, "Sannu da zuwa gidan iyayen gijinki. Barkono ne dai ba mu tanada ba, sai ki yi haƙuri da ruwa."

Aka yi dariya, na ce a raina rance ya samu. Na kife durom ɗin Inna Tumba a gaban tsibi, na tattare babbar riga na hau, na fara bayani. Na kawo tarihin leda tun daga zuwanta ƙasar Gobir. Na ce wannan da suke gani somin taɓi ne.

Ina cikin haka na ji ana jan gefen rigata. Ladan ne. Shi kuwa mutum ne da ko raɗa zai yi sai an ji shi har garin Tsamaye.

"Shugaba, lokaci ya yi. Butocin masallaci fa?"

Bai jira amsa ba, ya zura hannu cikin shara ya zaro buta biyu lafiyayyu, ya kaɗe su ya yi gaba. Hajiya Sikira ta dube ni. Na ce tsoho ne, ya saba da su, ba ya iya rabuwa da su ko sun mutu. Ta ce to.

Sai ga hon daga bakin kasuwa.

Akwai wani ɗan garinmu da ke fatauci a kudu, yakan aiko tankar ruwa sadaka. Ba ta da rana, ba ta da lokaci, kuma ba ta jiran kowa, in ta ƙare ta ƙare. A shekarar nan wannan hon ya fi kiɗan biki daɗi a kunnen mata. Unguwa ta yi tsit kamar an ɗauke numfashi, sannan ƙofofi suka buɗe gaba ɗaya.

Ban waiwaya ba, amma ina jin komai. "Tawa mai jan zare ce a wuya." "Sakar min, wagga ta gidanmu ce, ga sunan maigida nan." "Ke Hajo, miƙo min bokitina ga shi can ƙasa." Tsibi ya fara numfashi, ya karkace, ya durƙusa. Jarkoki na fita ta ko'ina, kowace da ƙafafu biyu a ƙarƙashinta. Ni kuwa me na yi? Na ƙara murya. Na ci gaba da nuna bayana da hannu ina cewa kamar yadda kuke gani, alhali abin da suke gani ya kai kasuwa.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wata inuwa a gefen durom. Inna Tumba ce tsaye, ta juya fuska wajen gabas. Tun da na auri 'yarta ta fari baiwar Allah nan ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba, ni ma in na hango ta nakan sake hanya. Ta kira Nomau da 'yar murya, amma filin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Nomau, ce ma mai babbar riga, in ya ƙare wa'azin, ana son abin da ya taka."

Na sauko. Ban san yadda na sauko ba, takalmina ɗaya dai ya tafi tare da durom, don ta mirgina abinta ba ta ko duba ba.

Hajiya Sikira ta yi dariya har ta zauna a gaban mota tana share hawaye da gyale. Da ta huce sai fuskarta ta canza. Ta dubi 'yar sharar da ta rage a ƙasa ta ce, "Bagobiri, na sha dariya, Allah ya biya ka. Amma injin ba ya cin dariya. Wannan ba ya kai shi ko la'asar. Akwai wata ƙungiya a Isa tana jira." Ta kama ƙofar mota.

Na dubi Nomau, ya kawar da kai. Na san jakarsa na ɗaure a bayan ƙofa, matarsa kuma na da tsohon ciki. Sai na laluba cikin raina ina neman kunyar da nake ta tattali tun kaka, na tarar babu ko ta miya. Mutumin da surukarsa ta sauke daga kan durom a gaban baƙi, wane asiri ya rage masa?

Na ce, "Hajiya, biyo ni."

Da ƙafa ɗaya a takalmi na ja su har gida. Na jingina tsani, na hau, na ture murfin rumbu, na fara jefo buhuna ina kwancewa. Silifa suka zubo, leda ɗauri ɗauri, fasassun robobi a ware kala kala, busassu tsaf, ba yashi ba kashin awaki. Mata masu dawowa daga tanka suka tsaya da jarkoki a ka suna kallo. Mai ɗakina ta fito ta riƙe haɓa.

"Shi ya sa kake auno muna tiya tiya kasuwa, kana cewa na rumbu na ajiya ne."

Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Can sai Nomau ya yi gyaran murya yana kallon ƙasa.

"Nawa rumbu biyu ne."

Wani daga baya ya ce nasa ma haka. Wani ya ce shi har da ɗakin baƙi. Ladan da ya dawo daga salla ya ce a je a duba nasa, amma don Allah kada a gaya wa liman. Ashe duk nishin da muke wa juna da buhuna tun kaka, silifa ne ke gaishe da silifa. Muka yi ta bin gidaje har rana ta yi sanyi, kowa na hawa tsani yana tona kansa, ana dariya irin ta wanda aka sauke wa kaya. Hajiya Sikira ta gaji ta nemi kujera.

"Ku Gobirawa sai Allah," in ji ta. "Da kun nuna min wannan tun farko da tuni na kai gida. Kun aje kaya wuri mai kyau, kun ɓoye, kun tafi aron na mutane."

Injin ya iso kafin damina ta gaba. Ranar da aka tayar da shi, ƙararsa ta kori duk jakunan unguwa, ni kuwa ban taɓa jin waƙa mai daɗinta ba. Nomau ya kwance jakarsa, aka yi sunan ɗansa yana gida. Daga ƙungiyarmu ba wanda ya tafi ci-rani sai mutum ɗaya, shi kuwa da ma yawo ne a ransa.

Na koyi cewa in za ka yi ƙaryar arziki, kada ka yi ta da jarkar mutane a shekarar fari. Amma darasin bai wanke ni ba. Har yau in muka aika aron ko da ludayi ne gidan Inna Tumba, sai ta sa a tambaya ko baƙi za a yi. Takalmina kuwa ba ta aiko ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya.