Yadda Karen Robana Ya Isa Maraɗi

Da ƙyar na samo tsohon karen roba na zanen barkwancin jarida a wani gwanjo a garin Summerfield, yana cikin kwalinsa ba a taɓa buɗewa ba, kuma darajarsa ke nan. Kallon da ƙanwata take masa bai kwanta mini ba, sai na cusa shi can ƙasa cikin wani akwati a gareji, ina jinjina wa basirata.

Ran nan na duba, akwatin ya ɓace. Na titsiye kowa, har Baba sai da na ce masa ya kalli idona.

"Akwatin tsarabar Anti Rabi?" in ji Mama. "Ai ya isa Maraɗi."

Sai ga bidiyo daga Maraɗi: 'ya'yan Anti sun yage kwalin, suna yi wa karen wanka a baho.

Har yau ko cokali ya ɓata, Baba zai rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe Sufeto, yau wa ake tuhuma, ni ko Mamanka?"