Ranar da Kaskon Turare Ya Kayar da Na'urata

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa ba da motar Baba Bukar. A shekarar farin nan ne da gero ya ƙi yi, lokacin ban daɗe da dawowa Zinder daga horo a Yamai ba, ɗauke da na'urar gwajin mota da wani girman kai da ya fi na'urar nauyi.

Baba Bukar tsohon direba ne, Babarbare, yana jan wata akori-kura da ke kai hatsin agaji wani ƙauye bayan Damagaram Takaya. Ranar Litinin ya shigo garejinmu da lodin gero, fitilar injin a kunne, motar na shessheƙa.

"Ɗana, ka duba mini ita. Mutane na jiran hatsin nan. Ni dai ina jin tana wani ɗan fito daga gaba."

Na yi murmushin waɗanda suka je Yamai. Na jona na'ura, ta nuna iska ta yi wa injin yawa, mai ya yi kaɗan. Na leƙa famfon mai sama-sama (gaskiya hannuna ko baƙi bai yi ba), sannan na yanke hukunci da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji: "Baba, ƙwaƙwalwar motar ce ta mutu. Motocin yanzu ba a gyara su da kunne."

Aka aika Kano neman wata. Kwana uku gero na zaune a garejinmu, ni kuwa ina ta yi wa masu wucewa lacca.

Ranar Alhamis ta iso. Na ɗaura ta a gaban jama'a, har da mai shayi da masu facin taya, na tayar da mota, na naɗe hannu a ƙirji. Da muka fita gwaji, ko kwana ba mu sha ba, fitilar nan ta sake kawowa, motar ta ci gaba da shessheƙarta. Zufa ta keto mini har cikin takalmi.

Baba Bukar ya tsallaka zuwa gidan ƙanwarsa ya dawo da kaskon turaren wuta yana hayaƙi (kada ku gwada, garwashi da fetur ba sa shiri). Na ɗauka aljanu zai kora, har na fara dariya. Sai ya bar injin na aiki, ya riƙa kaɗa hayaƙin da hularsa yana bin robobin iska ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa, sai ga hayaƙin ya lanƙwasa ya shige cikin wata roba, zuw! Ya juyo ta: ƙofa ce, da shatin haƙora. Ɓeraye ma yunwa ta kore su daga rumbuna sun biyo gero, suka haɗa da robar.

Ya naɗe wurin da guntun robar taya, injin ya daidaita. Mai shayi ya ce, "Injiniya, a Yamai ba a koya muku ɓera ba ne?" Gareji ya ɗauki dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da ya dawo daga ƙauyen na je ba shi haƙuri, na tambaye shi me ya gaya wa mutanen can.

"Na tarar mata sun kwana uku suna zuwa bakin hanya da ƙwarya. Na ce musu mota ce ba lafiya."

"Ba ka ambace ni ba, Baba?"

"Sunanka ba ya tuwo, ɗana."

Wannan ta fi dariyar gareji zafi. Tun daga ranar, komai na'ura ta ce, sai na cire agogo na ɓata hannuna kafin in buɗe baki.