Furen da Na Ba Matar Direkta

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama masanin tsirrai na minti ashirin. Lokacin ba a jima da samun mulkin kai ba, ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a wata lakwal a Tawa, ga tabarau (na gayu ne, idona lafiya lau). Aka ce sufeton makarantu zai zo ya ga darasina. In na burge shi in zauna birni, in na kasa a jefa ni ƙauye.

Mai hankali da ya koyar da gero ko wake. Ni kuwa, gwanin zamani, sai na buɗe littafin Faransanci na tsinto wani fure wai shi orkide, irin mai tsirowa a ƙasa. Yana da kai kamar albasa inda yake ajiye ruwa, kuma ganyen furensa guda yakan zazzago kamar leɓe. Na haddace sunansa na Latin har ina rera shi a wanka. Saura in samo shi.

Na hau keke sai Bambeye, wurin Inna Hajo ƙanwar mahaifiyata, wadda ba ciyawar da ba ta sani ba. Na kwatanta mata. Ta dube ni ta yi murmushi.

"Ɗiyar wa ta?"

Na ce a raina tsufa ya fara taɓa Inna. Ta zaga bayan ɗaki ta ɗauko tsiro cikin kasko, da farin furensa. "Ka ba ta da hannunka, ka jiya?"

Ranar darasi sufeto ya zauna a baya, direktan makarantarmu na gefensa, da matar direktan, Madam Mariya, malamar aji biyu. Na zuba Faransanci, na zuba Latin, yara suka saki baki. Ni da kaina na ji tsoron ilimina. Da na ƙare sai na tuna littafin ya ce Turawa kan ba manyan mata wannan fure don girmamawa. Kai jama'a! Na ɗauki kaskon da hannu biyu, na rusuna, na miƙa wa Madam.

Ba ta karɓa ba. Sufeto ya miƙa wuya ya leƙa furen.

"Mushe, ina leɓen?"

Na juya shi gaba, na juya shi baya. Ganye shida, duk kansu ɗaya.

"Gadali na," in ji Madam a hankali. "Na mallaka. A gaban maigidana, Mushe?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Duk Adar ba wanda bai san gadalin da ake neman soyayya da shi ba, sai ni mai Latin. Direkta ya gyara hularsa.

Sati biyu takarda ta fito: an jefa ni ƙauyen Barmu. Kafin in isa sunana ya riga ni, Mushe Gadali. Shekara huɗu zawarawa na aiko mini da fura suna roƙon ko 'yar saiwa.

Tun daga nan, in tsohuwa ta yi mini tambayar da ban gane ba, nakan cire tabarau in zauna in ce, "Inna, sake faɗi."