Ciwon Ciwo

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafi ɗaurin aure Illela ɗauke da sunan cutata a baki ba.

Ni tela ne a Konni. Shekarun baya na faɗo daga babur na bugu a ƙugu. Raunin ya warke, ciwon ya ƙi tafiya. An ɗauki hoto, ƙashi lafiya lau. An auna jini, shi ma haka. Na sha sassaƙe, an yi mini ƙaho har wanzamin ya rasa inda zai tsaga. Amma abin da ya fi ƙona mini rai gidan surukaina da ke Illela ne. Duk damina mazajen 'ya'yan gidan kan taru su yi wa Baba, mahaifin matata, noma, ni kuwa da na ɗan ja hauya sai in nemi gindin itace. Ba wanda ya taɓa ce mini rago a fuska. Sai dai na ga yadda Baba ke amsa gaisuwata yana kallon wani wuri.

Ana nan aka kawo wani sabon likita Bazabarme, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya saurare ni da kyau, sannan ya yi mini bayani da Faransanci (nawa Faransancin na lakwal ne, wato makarantar boko, kuma ban yi nisa ba). Abin da na tsinta shi ne, ciwon da ya zarce watanni ya ƙi barin mutum, yanzu likitoci sun yarda cuta ce mai zaman kanta, har da sunanta: duler kuronik. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Ashe ba ƙarya nake yi ba! Don murna ban tsaya tunanin ma'anar kalmomin ba, na dai haddace su.

A motar Illela ina ta maimaitawa a hankali kamar mai lazimi. Matata ta ce, "Don Allah ka bari sai an watse, ka hwaɗa ma Baba ku biyu." Na ce to, alhali na riga na shirya.

Bayan an shafa fatiha muka zauna cin abinci a rumfa. Isufu ƙanin matata, wanda ba ya ganina ya ƙyale, ya ce, "Tela, bana ma inuwa za ka nome muna?"

Na gyara babbar riga, na ɗaga murya yadda Baba zai ji (ni da ko tari ba na yi a gabansa). Na ce, "Ai likita ya gano cutar. Duler kuronik gare ni."

Wani ya ce subhanallahi, wata tsohuwa ta ɗauki salati daga bayan zana. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Baba ya juyo ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Allah shi sawwaƙe, ɗana. Mi ke nan da Hausa?"

Sai a nan na fara fassarawa, a gaban jama'a.

"Duler... ciwo ke nan, Baba."

"Kuronik hwa?"

"Wanda ya daɗe."

"To, ciwon mi?"

A Faransancin likita zafi da cuta kowanne da kalmarsa, ni kuwa duk inda na laluba a Hausa kalma ɗaya nake cafkowa. Na ce, "Ai Baba, ciwon shi ne ciwon."

"Wato ciwon ciwo gare ka!" in ji Isufu. "Kai ka ce ma likita ƙugunka na ciwo ya daɗe, shi ko ya maido maka da Hwaransanci, ka yi godiya ka taho!"

Har ango sai da ya ƙware. Na sunkuyar da kai ina kallon shinkafa, ƙugun kuma ya zaɓi lokacin ya motsa.

Baba bai yi dariya ba. Ya bari ta lafa, sannan ya ce, "Ku ƙyale shi. Ba mai tashi cikin mutane shi kunyata kainai haka bisa abin da bai ji a jikinai." Ya sa aka kawo mini matashi na jingina.

Har yau ƙugun na nan yadda yake, ina dai zuwa wurin likitan yana koya mini yadda zan zauna da shi. A Illela kuwa yara ma Kuronik suke kirana, kuma ina amsawa da sauri, don na san sunan da ya maye gurbinsa, wato rago. Abin da na koya dai, idan likita ya ba ka suna da Faransanci, ka fassara shi a ɗakinka tukuna, ƙofa a rufe.