Korau da Nafkin ɗin Asabe

A Tsamiyar Dogo an yi wani mutum, Korau, wanda duk abin da aka faɗa masa yakan ɗauke shi yadda ya fito daga baki, ba ragi ba ƙari. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba, amma in za ka aike shi sai ka auna maganarka. Yana zaune da matarsa Lantana da gwaggonsa Tabawa, tsohuwar da idonta ya fara dushewa, a gidan da Isiyaku yayan Lantana ya gina kafin aiki ya mai da shi birni. Gidan siminti ne, da famfo a tsakar gida da masai irin na zamani wanda ake korawa da ruwa. Lantana kaɗai ta iya magana da Korau, takan faɗa masa abu tun daga farko har ƙarshe. Da cikinta ya tsufa ta yayyanka tsofaffin zannuwanta, ta kalmashe bakinsu da allura, ta tanadi nafkin kwando guda. Ta haifi mace, aka sa mata Asabe. Ba a yi arba'in ba zazzaɓi ya kwantar da uwar.

Ranar da za ta cika ta miƙa masa jaririyar ta ce, "Ka riƙe min ita, Korau." Ya riƙe. Aka yi wa Lantana sutura, aka kai ta makwancinta aka dawo, yana zaune a zaure da yarinya a hannu. Masu ta'aziyya suna miƙo masa hannu, ba shi da na miƙa musu. Yarinya ta yi kuka har muryarta ta dashe. Gwaggo ta lalubo bango ta zo ta ce, "Kawo ta ta sha madara." Ya ce, "Gwaggo, ba ta ce in ajiye ba." Tsohuwa ta ce, "To ara mini ita. In tana hannuna, kai ne kake riƙe da ita." Sannan ya sake ta.

Wata rana Gwaggo ta ga idonta ba zai iya wanki ba, ta danƙa wa Korau aikin. Ta ce, "In ta ɓata nafkin, ka kai masai ka zubar, ka kora da ruwa." Haka ya riƙa yi. Ba a jima ba masai ya toshe, ruwan ƙazanta ya taso ya malalo har bakin murhu. Gwaggo ta sa hannu a kwando ta ji ya kusa ƙarewa. Ta ce, "Ina sauran?" Ya ce, "Na zubar, na kora da ruwa." Ta ce, "Kashin na ce maka, ba ƙyallen ba." Aka kira Sallau mai gyaran famfo, ya zura waya yana zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya, yana ta ƙunshe dariya. Korau yana tsugune gefensa. Da aka fito da wani shuɗi ya ce, "Wannan shi Lantana ta ɗaura ranar da aka kawo ta gidan nan." Da aka fito da wani ya ce, "Wannan na zuwa kasuwa ne." Sallau ya daina dariya. Da Korau ya tambaye shi ko za su wanku, ya ce za su wanku.

Wata rana ƙuraje suka feso wa Asabe a cinya. Korau ya kai ta asibitin gari, malamar asibiti ta duba ta ce, "Wanki kaɗai ba ya isa. Ka riƙa dafa nafkin ɗin sosai kafin ka shanya." Ya dawo gida ya ɗora tukunya. Gwaggo tana ɗaki ta ji ƙamshin daddawa, ta ce, "Me kake girkawa da hantsin nan?" Ya ce, "Nafkin. Na sa gishiri da daddawa. Malama ba ta faɗi ko da kuka ko da kuɓewa ba, shi ya sa na dakata." Gwaggo ta yi dariya, karon farko tun rasuwar. Ta yi ta yi har ta kasa tsayawa, sai kuma dariyar ta juye ta koma kuka. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Da Lantana tana nan, da ta ce maka ruwa zalla."

Wata rana an bar famfo yana zuba, Gwaggo ta ce, "Korau, je ka kashe famfon nan." Ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Me ya yi?" Ta ce, "Ɓarna yake yi, ba ka ji?" Ya ɗauki taɓarya ya je ya sauke masa a ka. Ruwa ya yi tsiri sama, ya jiƙa dawar da aka baza, ya shiga ɗakuna, ya kwashe nafkin ɗin da ke kan igiya ya zubar a laka. Wannan labarin ne ya kai birni. Isiyaku ya aiko cewa ya gaji, zai zo ya ɗauki 'yar ƙanwarsa, don ba zai bar ta a hannun wawa ba. Korau ya ji saƙon. Ya je ya tsince ƙyallayen daga laka ya sake wanke su.

Wata rana gudawa ta kama Asabe. A sha magani ta tsaya, a jima ta dawo. Nafkin ba ya bushewa kafin a buƙace shi, yarinya ta rame har idonta ya faɗa. Malamar asibiti ta karɓe ta ta kwantar, ta ce, "Ciwon nan ba zai bar ta ba sai an tono tushensa." Korau ya ce, "A ina yake, Malama?" Ta ce, "A gidanku mana, can take ɗaukowa." Ya bar Gwaggo da yarinya, ya ari diga, ya fara fasa simintin tsakar gida. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna cewa baƙin ciki ya ƙarasa abin da ya rage masa na hankali. Yana cikin haƙa Isiyaku ya shigo, ya ga gidansa ya koma gona. Ya ce, "Yau kuma me aka ce maka?" Korau yana cikin rami har gwiwa, tafin hannunsa duk ya fashe. Ya nuna ƙasa ya ce, "Yaya, ko wannan ne tushen ciwon?" Wani baƙin ruwa mai wari ne kwance, yana tsattsafowa daga ramin masai, kuma a cikinsa bututun ruwan sha ya ratsa, tsatsa ta huda shi. Aka kira Sallau. Ya duba ya ɗago ya ce, "Da wane ruwa ake dama wa yarinya madara?" Korau ya nuna masa famfon tsakar gida.

Asabe ta warke. Duk da haka Isiyaku ya tafi da ita. A bakin mota Korau ya ce, "Yaya, yaushe za ta dawo?" Isiyaku ya kasa kallonsa, ya ce, "Sai an gyara gida." Kowa a wurin ya san ba ranar dawowa yake nufi ba, Korau kaɗai bai sani ba. Ya bi Sallau yana ɗaukar masa kaya, suka sa sabon bututu nesa da ramin, ya cike ƙasa, ya shafe siminti da hannunsa. Ranar da ya bushe ya shiga motar birni, ya yi ta tambaya har ya sami gidan. Isiyaku ya fito ya same shi tsaye a rana.

Korau ya gaishe shi ya ce, "Yaya, an gyara."

Isiyaku ya daɗe yana kallonsa. Ya buɗe baki zai yi masa bayani, ya rasa ta inda zai fara. Can ya ce, "Shigo ka sha ruwa. Bari a haɗa mata kayanta."